Tattaki da Kujerar Alfarma

Yayana ya yi aiki a filin jirgin garinmu tun kansa yana baƙi har ya yi furfura, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shiga jirgi an rufe ƙofa yana ciki ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da aka yi wa abin da zan faɗa, ya kuma san rabon da shi kansa yake da shi a ciki.

Filin ba abin kallo ba ne. Titi ne guda ɗaya na jar ƙasa da aka daddaɓe, da ɗaki biyu masu rufin kwano, ɗaya na manaja da rediyonsa, ɗaya na fasinjoji da sikeli. A gefe akwai dogon ƙarfe da aka ɗaura wa ƙyalle mai kama da hannun riga domin a ga inda iska ta nufa. Ni na yi waldar wannan ƙarfe, kuma har yau bai karkace ba. Wani ƙaramin jirgi yana zuwa Litinin da Alhamis daga garin da yake da babban asibiti, can gabas da mu a wannan ƙurya ta arewa. Ya sauke, ya ɗauka, ya koma inda ya fito.

Yayana ya shiga filin ne a matsayin lebura lokacin da ake shimfiɗa titin, bayan rasuwar mahaifinmu, ina ƙarami a hannunsa. Da aka sallami leburori sai aka riƙe shi, aka ba shi aikin da ba wanda yake so. Kafin jirgi ya taso daga can, shi ne zai taka titin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, riƙe da sanda mai bakin ƙarfe. Ya tsince duwatsu, ya kori awaki, ya cike ramin da ɓera ya tona. Da damina kuwa sai ya riƙa soka sandar a ƙasa. Idan ta nutse ta wuce wani tsagi da ya yi mata, to titin ba zai ɗauki jirgi ba. Shi zai gaya wa manaja, manaja ya faɗa a rediyo, jirgi ya yi zamansa a can. Saboda wannan yawo nasa abokan aiki suka raɗa masa Tattaki, sunan ya bi shi har cikin gari.

Tsakanin filinmu da na garin asibiti, a sama, tafiyar ba ta kai awa guda ba. A ƙasa kuwa akwai jerin duwatsu da kogi, hanya kuma sai ta gangara kudu ta yi dogon zagaye kafin ta juyo. Kwana biyu ne a babbar mota idan an yi sa'a, da damina uku, saboda jiran jirgin fito. Kowa a gari ya san haka, in ban da ma'aikatan filin. Su sun saba su ɗora mutum, kafin su gama share ɗakin fasinjoji rediyo ta ce ya sauka lafiya. Shekara da shekaru suna jin wannan, har duwatsun da kogin suka goge daga kansu. Idan ka ambaci garin asibiti a gaban yayana sai ya ɗaga haɓa gabas ya ce, "Ai nan ne ƙofar gida." Mutumin da ko sau ɗaya bai je ba.

Suna kuma da wata al'ada tasu. Kujerar ƙarshe ta jirgin, wadda take manne da wurin kaya, idan ba a sayar da ita ba kuma nauyi bai yi yawa ba, akan ba ma'aikaci ko iyalinsa kyauta. Suna kiranta kujerar alfarma. Sharaɗinta shi ne ba a roƙonta. Mai bukata zai zo da jakarsa ya tsaya kusa da sikeli, ya yi shiru, sai manaja ya ga dama ya kira shi. Wanda ya buɗe baki ya nema, sai su yi wata guda suna yi masa kirarin mabaraci. Yayana bai taɓa tsayawa kusa da sikelin nan ba. Yakan ce tasa tana nan a ajiye, ranar da bukata ta zo ba mai hana shi. Mutane suna yabon haƙurinsa da kawaicinsa. Ni ma na yaba a da.

Matarsa tela ce, da keken ɗinki na ƙafa, kuma rabin yaran unguwarmu a cikin ɗinkinta suka girma. Ita ta ƙarasa rainona, don haka ba ta taɓa ganina da girma ba ko da na tara gemu.

"Mai walda," takan ce, "ka ƙona idonka a banza, ga maƙwabcinka mai faci ya riga ka yin tumbi."

"Tela, in kin daina ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sai na samu sukunin yin tumbi."

"Ƙafafun ne ba daidai ba, ka je ka tambayi wanka."

Ciwon sukari ya kama ta tun da daɗewa, tana lallaɓa shi. A daminar da nake ba da labari, wani ɗan rauni ya fito mata a babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da take taka keke da ita. Ta ɗaure shi da ƙyalle ta ci gaba da aiki. Ya yi ruwa, ya yi wari, ya fara baƙi. Ma'aikacin ƙaramin asibitinmu ya duba sau ɗaya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Muka haɗa hannu aka sayi kujera ɗaya a jirgin Litinin. 'Yarsu ta fari tana koyarwa a wata makaranta a can, mu duka Malama muke kiranta, ita za ta tarbe ta.

Yayana ne ya ɗauke ta a hannu ya hau matakala da ita, ya ɗaura mata bel. Ina tsaye a ƙasa ina ji.

"Alhamis ina bayanki," in ji shi.

"Malam, ka ji ni da kyau. Ba likitan da zai taɓa ni da wuƙa sai ina kallon fuskarka. Ba don kyanta ba, don na saba da ita."

Ya yi dariya, ya sauko, ya janye matakala.

Washegari da safe Malama ta kira ni a waya. Likita ya ce a cire yatsu biyu nan da nan, sauran ƙafar za ta tsira, kuma uwarta za ta iya komawa kan kekenta. Ya ce ciwon yana hawa, kowane yini da aka ƙara yana cin wani wuri. Ita kuwa ta ce ba a isa ba sai mijinta ya zo.

"Baffa, kun san Umma," in ji Malama. "Na yi magiya, likita ya yi, har ma'aikaciyar jinya ta zage ta. Ta juya fuska bango. Ku turo mini Baba."

Na rufe shago na tafi filin. Na same shi yana cike wani rami da shebur.

"Yaya, ajiye wannan. Mota tana tashi da azahar, jibi muna can."

"Jibi ai Alhamis ce, Auta. Jirgi zai sauke ni da hantsi, lokacin kana bakin kogi kana rigima da mai fito."

"In ba a ba ka kujerar ba fa?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayenmu. "Ni? A filin nan?"

Ba zan ɓoye ba, lissafinsa ya yi daidai a baki. Wannan shi ne mugun abin da ke cikin al'amarin tun daga farko har ƙarshe: duk ranar da ka auna, sai ka ga jirgi mai zuwa zai riga mota ko su isa tare. Ba wanda yake sa ranar da jirgin zai tafi ya bar ka a cikin awon.

Ranar Alhamis ya sa rigarsa ta zuwa suna, ya taka titin a cikinta, ya dawo ya tsaya kusa da sikeli da jaka a hannu. A cikin jakar akwai zannuwanta biyu da tabaraunta da ta manta. Abokan aikinsa suna wucewa suna taɓa shi, "Tattaki, yau za a ga gari daga sama." Jirgi ya sauka. Aka auna fasinjoji da kayansu ɗaya bayan ɗaya, kujerar ƙarshe ba mai ita. Sai ga wata mota ta shigo har bakin ɗaki, aka sauke injin ban ruwa na wani ɗan kwangila, za a kai shi gyara. Manaja ya fito yana washe baki, suka tafa da ɗan kwangilar, aka ɗora injin a sikeli. Wurin kaya ya cika, don haka a kujera za a ɗaure shi.

"Tattaki," in ji manaja, "kama masa mana, kai ka iya ɗauri."

Yayana ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya kama injin, ya hau da shi, ya zaunar da shi a kujerar, ya zagaya masa bel ya ja da kyau, man injin yana ɗiga a rigarsa. Ya sauko ya janye matakala. Da idona na gani.

Na bi manaja har ɗakin rediyo.

"Ranka ya daɗe, matar mutumin nan tana kwance a can, ana jiransa a yi mata aiki."

"Allah ya ba ta lafiya. Ai bai ce mini komai ba."

"Jakar da ke hannunsa ta ado ce? Ko rigar ce ba ka gani ba?"

"Malam mai walda, ni nauyi nake dubawa. An biya wa injin, shi kuwa alfarma ce."

"Tun kana makaranta yake tsince maka duwatsu. Da ya bar guda ɗaya da tuni ba ka kan kujerar nan."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Da ka zo da ladabi da na fi jin ka. Amma ba komai, saboda Tattaki. Litinin tasa ce, ko wa ya zo."

Da na fito, yayana ya ja ni gefe, fuskarsa a murtuke. Ba injin ne ya ɓata masa rai ba, ni ne.

"Ka zubar mini da mutunci, Auta. Yanzu za a ce na aiko ƙanena roƙo."

"A ce. A yi ta faɗa har bakinsu ya tsage. Gobe akwai mota, mu tafi."

"Motar Juma'a, da ruwan nan da ake yi, sai Lahadi da yamma ko Litinin. Ga shi manaja ya yi alkawari a gaban mutane. In na bi mota na ƙaryata shi ke nan."

Na so in kama wuyan rigar nan mai mai in jijjiga shi. Yayana ne, shi ya ciyar da ni, ban yi ba. Na so in tafi ni kaɗai, amma ba fuskata take jira ba. A kwanakin nan uku na kasa riƙe ƙarfe daidai, na ɓata ƙofar wani mutum har sai da na sake ta. Malama tana kira safe da yamma. Baƙin ya cinye yatsun, ya hau bayan ƙafa, ya doshi idon sawu. Likita ya daina maganar yatsu biyu. Ranar Asabar ta miƙa wa uwarta wayar, muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Mai walda, wanka yana ina?"

"Yana zuwa, Tela. Ki bari a yi aikin, don Allah, zai same ki an gama."

"Kai ma ka koma likita? Ka ce masa ina jira."

Na faɗa masa kalma da kalma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Litinin, da hantsi."

Ranar Lahadi aka wuni ana ruwa. Litinin gari ya waye da gajimare, amma ruwan ya ɗauke. Na je filin tun da sassafe. Manaja ya leƙo ta taga ya ce kujera tana nan, ba wanda ya saya, jirgi ma yana shirye a can, maganar Tattaki kawai ake jira. Yayana ya ɗauki sandarsa, na bi shi a baya. Rabin farko na titin ya yi tauri, sandar tana ƙara idan ya buga. Da muka gangara ƙarshen da yake kwari sai takalmana suka fara ɗaukar laka. Ya soka sandar. Ta shige ta wuce tsagin. Ya matsa gaba ya sake sokawa, ya koma gefe ya sake. Duk ɗaya.

"Yaya, ga rana nan tana fitowa. Ka ce ya taso, kafin ya iso ƙasa ta sha iska."

"Kafin ya iso?" Ya zare sandar yana kallon lakar da ta manne mata. "Bai kai awa ba, Auta. Da tafiyar yini ce da na ce ya taso."

"To su jinkirta zuwa la'asar."

"Da rana yana da wata tafiyar. In bai zo da safe ba, sai Alhamis."

Ya juya ya taka titin har ɗakin rediyo, ina bayansa ina magana yana tafiya, ya tsaya a bakin taga ya ce, "Ranka ya daɗe, titi bai yi ba." A kan wannan kaɗai ban taɓa ganin laifinsa ba. Akwai mutane a cikin jirgin, kuma da ya yi ƙarya da mun kwashe su a cikin taɓo. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya faɗa bayan haka, yana goge sandar da ciyawa.

"Alhamis ƙasa ta bushe. In ka lissafa, motar yau ma..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na shiga ɗakin fasinjoji na ɗauki jakarsa daga gefen sikeli na kama hanyar tasha. Ban waiwaya ba. Sai da na kusa kasuwa na ji takunsa a bayana, yana haki, har da sandar a hannu.

Muka samu wuri a bayan babbar mota, a kan buhuna, tsakanin wata tsohuwa da kajinta da wasu 'yan kasuwa. Hanya ta gangara kudu, rana tana gefen da bai kamata ba, yayana yana ta duban sama yana cewa direba ya ɓata. Washegari muka shiga duwatsu, waya ta daina kamawa. Motar tana hawa tana nishi, a wasu wuraren sai mun sauka mun tura. Yayana ya tsaya a kan wani tudu, ya ga duwatsu a jere har inda ido ya ƙare.

"Duk wannan yana tsakaninmu da su?"

"Tun kafin a haife ka yake nan."

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya ji ya ce, "Baba, daga wace ƙasa kake?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, shi ma bai yi ba. Muka ci gaba da tafiya har bakin kogi, inda muka tarar ruwa ya cika ya yi ja, motoci a jere, mai fito yana zaune a inuwa yana cewa sai ya ja baya. Yayana da bai taɓa roƙon kowa komai ba ya je ya durƙusa a gaban mutumin nan, wanda yaro ne idan aka gwada da shi, yana cewa matarsa, matarsa. Mai fito ya ce kowa a nan yana da mata. Muka kwana a nan.

Da yammacin Laraba muka shiga garin. Malama tana zaune a kan benci a barandar asibiti. Ta gaishe ni, ta dubi ubanta daga sama har ƙasa, rigar, lakar, sandar, ba ta gaishe shi ba.

"Zazzaɓi ya rufe ta jiya, ta daina gane mutane," ta ce da ni. "Likita ya ce in an kai yamma ba ƙafa ake magana ba, rai ne. Ni na ce a yi. Da safen nan aka yi, ƙasa da gwiwa."

"Na ɗauka..." in ji yayana.

"Baba, kada ka gaya mini abin da ka ɗauka."

Sai washegari aka bar mu muka shiga. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere, warin magani, fanka ɗaya tana juyawa a hankali. Tana kwance kusa da taga, ta rame, an lulluɓe ta da bargo. A gefen hagu bargon ya tashi a kan ƙafa har ƙarshen gado. A gefen dama ya tashi zuwa gwiwa, daga nan ya kwanta a kan katifa. Yayana ya tsaya a bakin gadon, ya ciro tabaraun daga jaka ya miƙa mata. Ta karɓa ta sa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Mai walda, kai ka jawo shi?"

"Ni ne."

"Da igiya?"

"Saura kaɗan."

Ta koma kansa. "Malam, hanyar da nisa?"

"Da nisa," in ji shi.

"To. An ɗauke ƙafar ina barci. Ban gan ka ba, ban gan su ba, ita ma ko sallama ba mu yi ba."

Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta rufe ido ta yamutsa fuska, na zaci ciwo ne, na juya zan kira ma'aikaciyar jinya.

"Bar ta," ta ce. "Tafin ƙafar ne yake mini ƙaiƙayi tun asuba. Ta daman. Malam, tun da ka zo, sosa mini."

Ya dubi bargon, ya dube ni. Ban taimake shi da komai ba. Ya jingine sandarsa a bango, ya durƙusa a ƙarshen gadon, ya ɗora hannu a kan katifa inda ƙafar ya kamata ta kasance, ya fara sosawa. Ina jin ƙarar farcensa a kan bargo.

"Ƙasa kaɗan," in ji ta.

Ya matsar da hannun ƙasa. Ni kuwa na fita baranda, domin abin da yake bakina ba irin wanda ake faɗa a gaban marar lafiya ba ne.